Baƙar Hanta: Yadda Maganaɗisu Ya Zama Ma'aunin Ƙarfe a Jikin Masu Talasimiya

A farkon shekarun 1980, lokacin da na'urar MRI take sabuwa fil a wasu 'yan asibitoci na Amurka da Turai, likitocin da ke duba hotunanta sun lura da wani abu. Hantar mutum mai lafiya kan fito toka-toka a hoton, ana ganin hanyoyin jini sun ratsa ta. Amma a wasu majinyata sai ta fito baƙa wuluk kamar gawayi, kai ka ce an yanke wajen da almakashi. Da aka bi tarihin masu irin wannan hoto, sai aka tarar abu guda ya haɗa su: sinadarin ƙarfe ya taru musu a jiki, wasu ta gado, wasu saboda yawan ƙarin jini. Kowa ya ga duhun, an kuma san dalilinsa. Abin da ya gagara shi ne a ce duhu kaza daidai yake da ƙarfe miligiram kaza. Sai da aka kwashe shekara ashirin da 'yan kai kafin a cim ma haka, kuma a tsakanin nan matasa da yawa masu cutar talasimiya sun rasu alhali maganinsu yana hannu.

Cutar kanta ta shiga littattafan likitanci a 1925. A shekarar ne Thomas Cooley, likitan yara a birnin Detroit, da abokiyar aikinsa Pearl Lee, suka yi bayanin wasu yara masu matsanancin ƙarancin jini, saifarsu ta kumbura, ƙasusuwan fuska da na kai sun sauya kama. Yaran 'ya'yan mutanen da suka yi ƙaura ne daga ƙasashen Bahar Rum, shi ya sa a 1932 George Whipple da William Bradford suka raɗa wa cutar suna daga kalmar Girkanci mai nufin teku. Sunan ya rage mata faɗi, domin daga baya an gano ta shimfiɗu tun daga Italiya da Girka da Kubrus, ta bi Gabas ta Tsakiya, ta ratsa Pakistan da Indiya, har Tailan da kudancin Sin. A 1949 masanin gado J.B.S. Haldane ya kawo hasashen cewa zazzaɓin cizon sauro ne ya yaɗa ta, saboda mai ɗauke da rabin gadon yana samun wata kariya. Mai karatu da ya san labarin sikila zai ga kama, kuma da gaskiyarsa: duka biyu larura ce a himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi cikin jajayen ƙwayoyin jini. A sikila, jiki na ƙera wani sashe na himogulobin a karkace. A talasimiya mai tsanani kuwa, sashen nan kaɗan ake ƙerawa, ko ma ba a ƙera shi sam. Ɓargo ya yi ta fama dare da rana, ƙwayoyin suna mutuwa tun kafin su fito, shi kuma yana ƙara faɗaɗa har ya tura ƙashi. Yaron da ba a yi wa komai ba da wuya ya wuce shekarun ƙuruciya.

A shekarun 1960 aka sami sauyi. Irving Wolman a Philadelphia, sannan Sergio Piomelli a New York, suka nuna cewa idan aka riƙa yi wa yaro ƙarin jini a kai a kai duk bayan 'yan makonni, maimakon a jira sai ya galabaita, ɓargon zai lafa, ƙashi ba zai lalace ba, yaro zai girma ya tafi makaranta kamar kowa. Haka kuwa aka yi. Sai dai an gudu ne ba a tsira ba, kuma lissafin abin bai da wuya.

Jikin baligi mai lafiya yana ɗauke da ƙarfe giram 3 zuwa 4. Abin da ke fita a rana bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba, ta hanyar fatar da ke sulɓewa da ƙwayoyin hanji da ke zuba. Jiki ba shi da wata ƙofa ta musamman da yake fitar da rarar ƙarfe; dabararsa kawai ita ce ya taƙaita abin da yake tsotsa daga abinci. Ƙarin jini ya kewaye wannan shingen. Kowace leda tana shigo da kimanin miligiram 200, saboda haka mai karɓar leda biyu a wata zai tara kusan giram 5 a shekara, fiye da duk abin da ya kamata a ce yana jikinsa. Hanta ce babban rumbun da ke karɓar wannan kaya. Idan ta cika, kuma sinadarin da ke dakon ƙarfe cikin jini ya ƙoshi, sai ƙarfen ya riƙa yawo tsirara yana shiga inda bai kamata ba. Ya lalata sassan da ke samar da insulin, ciwon sukari ya kama. Ya taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da girma, balaga ta ƙi zuwa. Daga ƙarshe ya kama tsokar zuciya. Yaran da ƙarin jini ya ceto suna da shekara biyar sai ga su suna mutuwa da ciwon zuciya suna da sha takwas ko ashirin.

Maganin bai yi jinkirin zuwa ba. Tun farkon shekarun 1960 kamfanin Ciba na birnin Basel a Suwizalan ya fito da deferoxamine, wanda aka samo daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa. Aikinsa shi ne ya cafke ƙarfe ya fice da shi ta fitsari da bayan gida. Matsalarsa biyu: hanji ba ya tsotsarsa, kuma ba ya daɗewa a jini. A tsakiyar shekarun 1970 Richard Propper da David Nathan a Boston, da tawagar Victor Hoffbrand a Landan, suka nuna cewa ya fi aiki idan wata 'yar na'ura ta riƙa tura shi a hankali ƙarƙashin fata. Ma'ana, allura a ciki ko a cinya na awa 8 zuwa 12, dare biyar ko fiye a kowane mako, har iyakar rayuwa. Iyaye kan iya tilasta wa ɗan shekara shida. Ɗan shekara sha shida kuwa, wanda ba ya jin ciwon komai a jikinsa, sau da yawa yakan tura na'urar ƙarƙashin gado. Ga shi kuma maganin ba a zabga shi barkatai: idan ya yi yawa alhali ƙarfen ya ragu, yakan taɓa ji da gani da girman ƙashi. Likita na buƙatar sanin yawan ƙarfen da ke jikin wanda ke zaune a gabansa, kuma ma'aunai biyun da yake da su kowanne da raunin da ke tare da shi.

Na farko gwajin feritin ne a jini, wanda masana a birnin Cardiff suka samar da hanyarsa a 1972. Feritin shi ne kwandon da ƙwayoyin jiki ke adana ƙarfe a ciki, kuma kaɗan daga cikinsa na tsiyaya zuwa jini. Gwajin yana da arha da sauƙi, har gobe ana amfani da shi. Amma kamar mutum ne ya ƙiyasta hatsin da ke cikin rumbu ta hanyar duba tsabar da ta zube a gindinsa. Zazzaɓi na ɗaga feritin, kumburin hanta na ɗaga shi, ƙarancin bitamin C na sauke shi. Ga shi da yawan majinyatan wancan zamani sun kamu da ciwon hanta nau'in C daga jinin da aka ƙara musu, kafin a fara tantance shi a farkon shekarun 1990. Mutum biyu na iya samun feritin iri ɗaya, ƙarfen hantar ɗaya ya ninka na ɗayan.

Na biyu shi ne a shiga rumbun kai tsaye. Tun 1958 likitan Italiya Giorgio Menghini ya sauƙaƙa hanyar soka allura tsakanin haƙarƙari a tsakuro ɗan zaren tsokar hanta. Sai a busar da shi, a auna nauyinsa, a fitar da yawan ƙarfen da ke ciki. Daga nan aka sami alƙaluman da likitocin jini ke aiki da su har yau, wato miligiram nawa na ƙarfe a kowane giram na busasshiyar hanta. Mai lafiya bai wuce 1.8 ba. Daga 7 haɗari ya fara yawa. Wanda ya zauna sama da 15, kamar yadda binciken Gary Brittenham da abokansa na 1994 ya taimaka wajen nunawa, yana fuskantar ciwon zuciya da mutuwar wuri.

Hujja mafi kyau a kan cewa hanta na wakiltar jiki duka ta fito ne daga Pesaro, wani ƙaramin birni a gaɓar tekun Italiya, kuma yadda aka samo ta ya burge ni. A 1981 Guido Lucarelli ya fara yi wa masu talasimiya dashen ɓargo a can. Wanda dashen ya karɓa ya warke, jikinsa na ƙera lafiyayyen jini, amma tsohon ƙarfen yana nan jibge. Tun da yanzu yana da jinin da zai iya bayarwa, sai aka juya lamarin: a riƙa ɗibar masa jini lokaci-lokaci har ƙarfen ya ƙare. Kowace leda da aka ɗiba an san ƙarfen da ta fita da shi, don haka a ƙarshe an san jimillar abin da ke jikin tun farko. Emanuele Angelucci da abokansa suka gwama wannan da awon hanta, suka wallafa sakamakon a shekarar 2000: ka ninka alƙalamin hanta da 10.6, ka sami miligiram na ƙarfe a kowane kilo na nauyin mutum. Matashi mai kilo 50 da hantarsa ta nuna 15 yana ɗauke da rarar ƙarfe kusan giram 8.

Sai dai allurar hanta ba abin da za a yi wa yaro kowace shekara ba ne cikin daɗin rai. Akwai zafi, akwai haɗarin zubar jini a ciki, ƙananan yara kuma sai an sa su barci. Abin da ake tsakurowa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu hamsin na hantar ba, kuma idan tabo ya fara kama ta, ƙarfen ba ya bazuwa daidai. Allura biyu a hanta ɗaya na iya ba da amsa biyu. Rikicin da ya fi kowanne ƙaurin suna a wannan fage a kan irin waɗannan 'yan zarurrukan tsoka ya tsaya. A Toronto, likita Nancy Olivieri ta saɓa da kamfanin Apotex a 1996 game da deferiprone, maganin cire ƙarfe na farko da ake haɗiya. Ta ce ƙarfinsa na raguwa a wasu majinyata, daga baya ta ƙara da cewa yana iya jawo tabon hanta, ta wallafa haka a 1998. Batun 'yancin likita ya faɗa wa majinyatansa abin da ya gani babi ne mai zaman kansa, kuma shi ya fi jan hankalin duniya. Amma ɓangaren kimiyyar ya daɗe ana ja-in-ja a kansa, domin hujjar kowane ɓangare ta rataya ne a kan samfura kaɗan daga mutane kaɗan.

An gwada wata hanya a tsakani. A 1982 Brittenham da masana fiziya a Cleveland suka auna ƙarfen hanta daga waje da wata na'ura mai suna SQUID, mai jin motsin maganaɗisu komai ƙanƙantarsa. Ta yi aiki, amma sai an sanyaya ta da ruwan hiliyom, ga tsada, ga shi ba ta da wani amfani a asibiti sai wannan. Ba ta wuce 'yan wurare irin su Hamburg da Turin da Oakland ba. Ita kuwa MRI tana ta yaɗuwa saboda ƙwaƙwalwa da gwiwa da gadon baya, ba don masu talasimiya ba.

Tushen MRI ya koma 1946, lokacin da Felix Bloch da Edward Purcell, kowanne a nasa ɗakin bincike, suka gano yadda cibiyar ƙwayar zarra ke amsa kiran igiyar rediyo idan tana cikin maganaɗisu. Paul Lauterbur a 1973 da Peter Mansfield na Nottingham suka mayar da wannan amsa hoto, aka ba su kyautar Nobel a 2003. Jikin mutum yawancinsa ruwa ne, kuma kowace ƙwayar haidirojin da ke cikin ruwa kamar ɗan mitsitsin maganaɗisu take. Na'urar kan jera su, ta buga musu igiyar rediyo, sai duk su amsa tare, kamar taron da ya fara tafi a bugu ɗaya. Da tafiya ta yi tafiya wani ya yi sauri, wani ya yi jinkiri, har amon ya watse. Tsawon lokacin da amon ke ɗauka kafin ya dushe shi ake kira T2, ko T2* a wata hanyar awon, ana lissafa shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Dunƙulallen ƙarfen da ke cikin hanta shi ma maganaɗisu ne, yana hargitsa maƙwabtansa, tafin ya rikice nan take. A na'ura mai ƙarfin tesla 1.5, T2* na lafiyayyar hanta yana wajen milisakan 20 zuwa 30. A hantar da ƙarfe ya yi wa katutu yana iya faɗuwa ƙasa da 2, har ƙasa da 1.

Dalilin baƙin hoton nan ke nan. Na'urorin farko ba su da saurin kasa kunne. Kafin su saurara amon ya riga ya mutu, don haka hanta mai 15 da mai 40 duka baƙi ɗaya suke fitowa, tamkar sikelin da allurarsa ta kai maƙura. Ga numfashi yana motsa hantar, ga kitse yana gurɓata amon, ga na'urar wannan kamfani ba ta yi daidai da ta wancan ba.

Mafita ta zo ta hanya uku kusan lokaci guda. A Rennes ta Faransa, inda cutar tara ƙarfe ta gado ta yawaita, Yves Gandon ya gwama hasken hanta da na tsokar gefen ƙashin baya, wadda ba ta tara ƙarfe; ya wallafa cikakken gwajin a 2004. Hanyar na da sauƙi, amma takan gaza idan ƙarfen ya yi yawa ƙwarai, kuma masu talasimiya a nan suke. A Perth ta Ostareliya, masanin fiziya Tim St Pierre ya gwada awon T2 da sakamakon allura a mutum 105, ya fitar da ma'auni a 2005, wanda ya zama FerriScan: asibiti ya ɗauki hoton, ya aika ta intanet, a lissafa a cibiya ɗaya, a biya kuɗi. A shekarar dai John Wood na asibitin yara na Los Angeles ya fitar da nasa ma'aunin bisa T2*, wanda a yau ake iya ɗauka cikin riƙe numfashi sau ɗaya. Dukansu da allurar hanta aka daidaita su. Kowane alƙalami da MRI ke bayarwa yau yana tsaye ne a kan majinyatan da suka yarda aka soke su don a tabbatar da shi. A watan Nuwamban 2005 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da deferasirox, maganin haɗiya sau ɗaya a rana. Magunguna sun zama uku, ga kuma abin da za a auna aikinsu da shi ba tare da zubar da jini ba.

Kafin duk wannan ya kammala, wani sakamako daga Landan ya riga ya girgiza tushen tunanin. Zuciya ce ke kashe majinyatan, amma kowa ya ɗauka cewa idan hanta ta yi sauƙi zuciya ma ta yi. A 2001 Lisa Anderson da Dudley Pennell na asibitin Royal Brompton suka auna T2* na tsokar zuciya kai tsaye, suka ga bai tafiya tare da na hanta, bai kuma tafiya tare da feritin. Akwai mai hanta fes da zuciya cike da ƙarfe. Bayanin da ya bayyana daga baya shi ne hanta na saurin cika tana saurin zubarwa, zuciya kuwa tana jinkirin ɗauka tana jinkirin saki. Wanda ya yi wasa da magani shekaru sannan ya dawo ya dage, hantarsa za ta washe, likita ya yaba masa, zuciyarsa na nan a bakin rami. An sa iyaka a milisakan 20. Wani bincike na 2009 a kan majinyata sama da 600 ya nuna cewa cikin waɗanda T2* na zuciyarsu ya gaza 6, kashi 47 cikin ɗari sun kamu da gazawar zuciya cikin shekara guda. Wannan awo ne kuma ya nuna cewa deferiprone, maganin da aka yi rikici a kansa a Toronto, ya fi tsohuwar allurar iya kwashe ƙarfe daga zuciya.

Alƙaluman Birtaniya sun nuna abin da ya biyo baya. A shekarar 2000 Bernadette Modell ta ba da rahoton cewa kusan rabin masu cutar a ƙasar suna mutuwa kafin shekara 35. A 2008 ita da abokanta suka nuna cewa mace-macen da taruwar ƙarfe ke jawowa sun sauka daga 7.9 zuwa 2.3 cikin kowane majinyaci dubu a shekara, idan aka gwama 1980 zuwa 1999 da 2000 zuwa 2003. Ba adalci ba ne a jingina wa MRI wannan nasara ita kaɗai, domin sauyin magani da ƙarin kulawa sun zo tare da ita. Amma ita ce ta nuna wa likita wanda ya kamata a tsananta wa magani tun bai fara haki ba. Ina kuma zaton matashin da aka nuna wa hoton zuciyarsa ya fi saurin ɗauko na'urar daga ƙarƙashin gado fiye da wanda aka karanta wa lambar feritin.

Hanta ba ta rasa matsayinta ba. Ita ce ke faɗin ko abin da ke fita ya kai abin da ke shiga, kuma idan ta daɗe a cike, zuciya na biyo baya. Da majinyata suka fara kaiwa shekara arba'in da hamsin, tabon hanta da sankararta sun zama abin damuwa na kansu. Akwai kuma masu nau'in talasimiya mai sauƙi, waɗanda ba a cika yi musu ƙarin jini ba amma hanjinsu na tsotsar ƙarfe fiye da kima. A wajensu feritin kan nuna ƙasa da gaskiya, hantar ce ke tona asiri. A 2013 hukumar Amurka ta amince da FerriScan a matsayin gwajin da ke rakiyar deferasirox ga irin waɗannan. Ƙa'idar yau ga mai karɓar jini a kai a kai ita ce a auna hanta kusan kowace shekara, a auna zuciya daban.

Yawancin masu talasimiya ba a Landan ko Perth suke ba, suna kudanci da kudu maso gabashin Asiya da Gabas ta Tsakiya, inda da yawansu feritin kaɗai ke gare su. Mu a Nijeriya da Nijar nau'inta mai tsanani ba shi da yawa, amma ledar jini ɗaya ce ko wa aka ƙara wa. Gwajin STOP na 1998 ya nuna cewa ƙarin jini a kai a kai yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 90 cikin ɗari ga yara masu sikila da ke cikin haɗari, kuma ƙarfe ya biyo su kamar yadda ya biyo masu talasimiya. Ma'aunin da Wood ya fitar ma da masu sikila a cikinsa. A Kano, gwajin SPRING da aka wallafa a 2022 ya bi ta maganin hydroxyurea ne saboda ƙarin jini kowane wata ya fi ƙarfin yawancin iyalai, kuma wannan ya kare yaran daga tara ƙarfe. Duk da haka akwai manya masu sikila da aka ƙara wa leda ashirin ko fiye a tsawon rayuwa, wanda a nan ne ake fara neman a auna. A jikinsu ƙarfe ya fi zama a hanta, bai cika kama zuciya ba, feritin kuwa kowane tashin ciwo na ɗaga shi.

Awon ba ya buƙatar allurar rini, babu kuma haskawa irin ta hoton ƙashi. Na'ura mai tesla 1.5 ta fi dacewa da shi, domin a tesla 3 amon yana mutuwa da sauri kusan ninki biyu, hanta mai ƙarfe da yawa ta sake kufcewa. Abin da ake buƙata bayan na'urar shi ne tsarin ɗaukar hoton da manhajar lissafi da aka tabbatar da ingancinsu. Sakamakon da aka fitar da wata hanya ba lallai ya yi daidai da na wata ba, musamman idan ƙarfen ya yi yawa, don haka wanda aka auna bana da hanya kaza, da ita ya kamata a sake auna shi baɗi.